Tiyatar zuƙe kitsen cinya: haɗarin da kan biyo mutum har gida

Tallar tiyatar zuƙe kitsen cinya ta cika wayoyin matan Abuja, ana jera hoton kafin aiki da na bayansa, har wasu suna ɗaukar abin kamar gyaran jikin amarya. A matsayina na ma'aikaciyar lafiya, ina so 'yan'uwana mata su sani cewa cikakkiyar tiyata ce: likita yana ɗura wa cinya ruwan gishiri haɗe da maganin kashe zafi, ya tsaga fata kaɗan, sannan ya zura siririn bututun ƙarfe yana kai da kawo da shi a ƙarƙashin fata yana zuƙo kitsen. Maganin kashe zafin kansa, idan ya wuce ƙima, yana iya rikita bugun zuciya ko ya kawo jijjiga, kuma ƙungiyar likitocin gyaran jiki ta Amurka tana ɗaukar zuƙe fiye da lita 5 a lokaci guda a matsayin babban aikin da ke buƙatar a kwana a asibiti.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne daskarewar jini. Manyan jijiyoyin da ke mayar da jinin ƙafa zuwa zuciya ta cinya suke bi, ga shi kuma wadda aka yi wa aikin takan yi kwanaki ba ta son motsi saboda raɗaɗi. A nan ne gudan jini kan ƙullu, ya ɓalle, ya je ya toshe hanyar jini a huhu, sau da yawa bayan an sallame ta kowa ya saki jiki. Haɗarin yana ƙaruwa ga mai ƙiba sosai, da mai shan taba ko shisha, da mai shan wasu ƙwayoyin tazarar haihuwa, da kuma wadda aka yi wa aikin a Turkiyya ko Masar ta hau jirgi ta zauna awanni ba motsi. Duk wadda ƙafarta ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashinta ya koma sama-sama, ko ƙirjinta ya riƙe, kada a tsaya shafa mata man zafi ko jiran wayewar gari; a garzaya da ita Asibitin Ƙasa ko Asibitin Koyarwa na Gwagwalada. Haka ma idan zazzaɓi ya taso, ko wurin ya yi baƙi yana fitar da mugunya.

Fatar cikin cinya ba ta da kauri, don haka takan saki ko ta yi gargada bayan aikin, kuma a jikin baƙar fata wurin tsagar kan bar duhu ko tabo mai tudu. Aikin kuma ba maganin ƙiba ba ne.

Wadda ta yanke shawarar yi, ta tabbatar likitan yana da rajista da hukumar MDCN mai ba likitocin Najeriya lasisin aiki, kuma ƙwararre ne a tiyatar gyaran jiki, ta tambaya ko wane ne zai ba ta maganin barci lokacin tiyatar, sannan kada ta ɓoye wa likitan sikila, hawan jini, ciwon suga ko wani maganin gargajiya da take sha.