Jogilin ba dabo ba ne

Kwanakin nan kalmar jogilin ta cika bakin mutane, tun da bidiyon samari masu cilla ƙwallaye sama suna cafewa ya fara yawo a TikTok da WhatsApp. Ba sai na ɓata lokaci ina bayanin cewa wasan jifa da cafiya ne ba, duk mai ido ya gani. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda wasu masu shiri a rediyo ke fassara ta da dabo, ko siddabaru, wani ma ya ce rufa-ido. Masu sharhin siyasa kuma suka ɗauka, da zarar an murɗe alƙaluman kasafi sai ka ji wai an yi jogilin da kuɗin talakawa. Haba jama'a!

Ɗan dabo da ɓoyo yake cin abinci, ranar da ka gano inda ya soke kwabon, kasuwarsa ta watse. Mai jogilin kuwa ba shi da abin ɓoyewa. Zai tsaya gabanka ya nuna maka komai dalla-dalla, ya maimaita a hankali, ya miƙa maka ƙwallayen, kuma ka kasa. Masu ruɗanin dai suna da ɗan abin kafa hujja: kalmar ta shiga Turanci ne daga tsohon Faransanci, tushenta Latin joculari, wato barkwanci, kuma a Ingila ta dā ɗan kama da ɗan dabo da mai cafiya duk suna ɗaya suke amsawa. Daga baya aka raba gari. Shi wasan ma ya girmi sunan nesa ba kusa ba, domin a kaburburan Beni Hasan na Masar akwai zanen mata suna yin sa, shekara kusan 4,000 ke nan.

Ƙa'idar ita ce abin da ake juyawa ya fi hannun da ke juya shi yawa. Lemo biyu a hannu biyu ba komai ba ne. Uku ne mafari, kuma a nan ne ido ke yaudarar mai kallo. Kowa ɗauka yake ƙwallayen da'ira suke yi, ɗaya na bin ɗaya, shi ya sa sabon shiga zai cilla guda sama ya yi wuf ya miƙa ta biyu daga hannu zuwa hannu. Wannan salon akwai shi, amma ya fi wuya. A salon da ake fara koya, kowace ƙwallo tsallakawa take daga wannan hannu zuwa wancan, ba a sakin ta biyu sai ta farko ta kai ƙololuwa, sannan ta bi ta ƙarƙashinta. Siffar lamba 8 ce a kwance.

Akwai 'yan samarinmu a Agege da ke haɗuwa ranar Lahadi bayan la'asar, wasu 'yan kasuwa, wasu masu tuƙa Keke. Baƙo in ya zo ƙwallo ɗaya tak ake ba shi, sai ka ga ransa ya ɓaci. Sannan a tsayar da shi yana fuskantar bango, saboda duk ɗan koyo gaba yake jifa, ya riƙa bin ƙwallon har ya tsinci kansa a bakin titi. Na ji babbansu yana ce wa wani: "Ƙanena, daina kallon hannunka, ɗaga kai. Cafiyarka lafiya lau, jifarka ce ba ta da kyau." Wace tsatsuba ce a nan? Rabin lokacin a sunkuye suke suna tsintar abin da ya faɗi.

Har lissafi gare shi. Adadin mara, 3 ko 5, ƙwallaye na tsallakawa; adadin cika kamar 4, kowane hannu nasa biyu yake juyawa ba sa haɗuwa. Tun shekarun 1980 aka ƙirƙiro hanyar rubuta salo da lambobi, ta yadda in wani ya ce yau 441 yake koyo, ko 531, ɗan'uwansa a Jamus ya gane nufinsa. A can Jamus ɗin ma, a 2004, masu bincike a Jami'ar Regensburg suka ga wani sashe na ƙwaƙwalwar waɗanda suka yi wata 3 suna koyo ya ƙaru. Alex Barron ɗan Ingila ya juya ƙwallo 11 a 2012.

In kusanci ake nema a Hausa, carafken 'yan mata ta fi dabo kusa, ko da yake ita dutse ɗaya ke sama, saura a ƙasa ake kwasa. Masu ɗaga tamaula da ƙafa su ma jogilin suke cewa, wannan na ƙyale musu. Wanda kuma yake son gwadawa, kada ya sayi ƙwallon tanis, tsalle take ta faɗa kwata. 'Yan Agege gero suke ɗurawa a balan-balan, su ruɓanya biyu ko uku, inda ta faɗi nan take zama.