Alheri da sharri a adabin Gothic

Adabin Gothic reshe ne na ƙagaggun labaran ban tsoro da ya samo asali a Ingila, kuma akan danganta farkonsa da littafin Horace Walpole, The Castle of Otranto, na shekarar 1764. Tun daga nan gwagwarmayar alheri da sharri ta zama ƙashin bayansa, sai dai wurin da sharrin yake zaune ya yi ta sauyawa.

A labaran farko mugu a fili yake: azzalumin basarake a tsohuwar fada mai duhu, ga baiwar Allah tana neman tsira daga hannunsa. Ba a daɗe ba marubuta suka fara cusa sharrin cikin zuciyar mutumin kirki. A The Monk na Matthew Lewis, 1796, malamin coci ne da kowa ke yaba tsarkinsa sha'awa ta kai shi ta baro. A Frankenstein na Mary Shelley, 1818, da wuya mai karatu ya yanke wa ya fi laifi tsakanin dodon da masanin da ya haɗa shi sannan ya guje shi.

Inda jigon ya fi fitowa shi ne Strange Case of Dr Jekyll and Mr Hyde na Robert Louis Stevenson, 1886. Jekyll likita ne mai mutunci a Landan, ya haɗa wani magani da ke mayar da shi Hyde, ɗan guntun mutum wanda duk wanda ya gan shi sai ya ji ƙyama. Gidan ma fuska biyu gare shi: ƙofar gaba ta baƙi masu daraja, ta baya kuwa, wadda ta sha jiki, ita Hyde ke bi. Mutane da yawa na ɗauka Jekyll alheri ne zalla, alhali ba haka labarin ya ce ba. Hyde ne sharri tsantsa. Jekyll gauraye ne, so yake ya sheƙe ayarsa sunansa bai ɓaci ba. Daga baya rikiɗar ta riƙa zuwa masa ba tare da ya sha komai ba.

Ana yawan alaƙanta labarin da William Brodie na Edinbara, garin haihuwar Stevenson: kafinta kuma ɗan majalisar gari da rana, ɓarawo da dare, wanda aka rataye a 1788. Oscar Wilde ya bi jigon ta wata hanya a The Picture of Dorian Gray, 1890, inda saurayin ke nan da kyawunsa, hotonsa da ya ɓoye a ɗakin sama ne ke tsufa yana muni da kowane zunubi.