'Yan Gudun Hijirar Cikin Gida a Arewa Maso Gabashin Najeriya

'Yan gudun hijirar cikin gida su ne mutanen da yaƙi, tashin hankali ko wani bala'i irin su ambaliya ya raba da muhallansu, amma ba su tsallaka iyakar ƙasarsu ba. A Najeriya mafi yawansu suna jihohin Borno, Yobe da Adamawa, inda rikicin Boko Haram ya tarwatsa garuruwa da ƙauyuka. Ƙididdigar Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya, IOM, ta nuna cewa sun haura miliyan biyu a shekarar 2015. Adadin ya ɗan sauka a wajen 2017, sannan ya sake hawa.

Suna da matsayi a doka

A bakin Bahaushe duk wanda ya tsere da ransa ɗan gudun hijira ne, ko Maiduguri ya nufa ko Diffa. Doka kuwa ta bambanta su. Wanda ya tsallaka zuwa Nijar, Kamaru ko Chadi, kamar mazauna sansanin Minawao a Kamaru, yana ƙarƙashin kariyar dokokin duniya da hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNHCR. Wanda ya tsaya cikin ƙasa kuwa, nauyinsa na wuyan gwamnatinsa ne. Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da ƙa'idojin kula da irin waɗannan mutane a 1998, ƙarƙashin jagorancin Francis Deng ɗan ƙasar Sudan. Tarayyar Afirka ta biyo baya da Yarjejeniyar Kampala a 2009, wadda ta fara aiki a Disamban 2012. Najeriya ta amince da ita a 2012, amma sai a 2021 gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan lamarin. Jamhuriyar Nijar ta riga ta, domin a ƙarshen 2018 ta kafa cikakkiyar doka.

Yadda gudun ya faro

Tarzomar Yulin 2009 a Maiduguri, wadda ta ƙare da kisan shugaban Boko Haram Mohammed Yusuf a hannun 'yan sanda, ta kori mutane daga wasu unguwanni, amma yawancinsu sun koma gida da ƙura ta lafa. Gudu na haƙiƙa ya fara ne bayan Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci a jihohin uku a watan Mayun 2013. Sojoji da matasan da ake kira 'yan kato da gora sun fatattaki mayaƙan Abubakar Shekau, wanda ya gaji Yusuf, daga cikin birni, sai suka koma daji suka huce haushinsu a kan ƙauyuka.

Shekarar 2014 ita ce mafi muni. A Afrilu aka sace ɗalibai mata 276 a Chibok. Gwoza ta faɗa hannun mayaƙan a Agusta, Bama a Satumba, Mubi a ƙarshen Oktoba, sannan Baga a Janairun 2015. Mutane sun fito a ƙafa, daga su sai kayan jikinsu. Wasu sun hau duwatsun Mandara, wasu sun bi ta Tafkin Chadi a kwale-kwale, wasu sun yi kwanaki suna ratsa daji kafin su ga titin Maiduguri ko Yola. Iyalai sun rarrabu a hanya, kuma har yau ƙungiyar agaji ta Red Cross na riƙe da sunayen dubban mutanen da danginsu ke cigiya.

Ana ƙiyasta cewa yawan jama'ar Maiduguri ya kusan ninkawa a wannan tsakani. Abin da rahotanni ba su cika ba shi haƙƙinsa ba shi ne, mafi yawan waɗanda suka gudo ba su taɓa zama a sansani ba. 'Yan uwa, surukai, abokan kasuwanci, har da waɗanda ba su san su ba, su ne suka buɗe musu ƙofa. Gidan mutum goma ya koma na talatin, ana cin tuwo daga tukunya ɗaya. Talakawan Maiduguri, Damaturu da Yola sun ɗauki wannan nauyi tun kafin manyan ƙungiyoyin agaji su iso.

Sansanoni

Gwamnati ta tsugunar da sauran a makarantu da rukunin gidajen da ba a kammala ba. Sanannun sansanoni a Maiduguri da kewaye sun haɗa da Bakassi, Dalori, Gubio, Muna Garage, rukunin gidajen malamai da sansanin masu yi wa ƙasa hidima. Galibi an zaunar da mutane bisa ƙaramar hukumar da suka fito, kuma bulamomi da lawanai sun ci gaba da shugabancin jama'arsu a cikin tantuna.

Da sojoji suka ƙwato garuruwa a 2015 da 2016, sai aka buɗe wasu sansanonin a Bama, Dikwa, Monguno, Ngala, Banki da Pulka. A can ne aka ga yunwa ƙiri-ƙiri. A Yunin 2016 ƙungiyar likitoci ta MSF ta shiga Bama ta tarar da kimanin mutum dubu 24 a harabar wani asibiti, ta kuma ƙirga kaburbura fiye da 1,200 a kusa da wurin, ɗaruruwa daga ciki na yara ne. A 2017 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya yankin cikin wurare huɗu da ke bakin faɗawa matsananciyar yunwa, tare da Yaman, Somaliya da Sudan ta Kudu. A shekarar ce kuma kwalara ta ɓarke, ta faro daga Muna Garage.

Sansanin ma bai zama mafaka ba. A Fabrairun 2016 'yan ƙunar baƙin wake sun kashe mutum kusan 60 a sansanin Dikwa. Ranar 17 ga Janairun 2017 jirgin sojin saman Najeriya ya jefa bama-bamai kan sansanin Rann a ƙaramar hukumar Kala Balge. Rundunar ta ce kuskure ne, ta kuma amsa mutuwar mutum 112, yayin da hukumomin yankin suka ba da adadin da ya haura 200. A Rann ɗin ne aka sace ungozomomi biyu masu aiki da Red Cross a 2018, daga baya ƙungiyar ISWAP, wadda ta ɓalle daga Boko Haram, ta kashe su.

Waɗannan garuruwa an kewaye su da ramuka, kuma fita gona ko neman itace bayan 'yan kilomitoci kasada ce da rai. A Nuwamban 2020 an yi wa manoman shinkafa aƙalla 43 daga Zabarmari yankan rago a gonakin Koshebe. Manomi ko masunci da ya saba ciyar da gari ya koma bin layi da kati a hannu yana jiran rabon abinci. Wani rahoton 2021 na hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNDP, ya ƙiyasta cewa zuwa ƙarshen 2020 rikicin ya ci rayuka kusan dubu 350, amma kimanin dubu 35 ne kawai suka mutu ta hanyar makami. Sauran yunwa da cuta ne suka ɗauke su, kuma mafi yawansu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar.

Hukumomi

Aikin agaji na hannun Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, NEMA, da takwarorinta na jihohi, sai Hukumar Raya Arewa Maso Gabas da aka kafa dokarta a 2017, da ma'aikatar jin ƙai da aka ƙirƙiro a 2019. An sha zargin karkatar da kayan abinci da cin zarafin mata a sansanoni. Badaƙalar kwangilar yankan ciyawa da kuɗin tallafa wa yankin ta sa aka sauke Sakataren Gwamnatin Tarayya Babachir Lawal a 2017, kotu ta sallame shi a 2022.

Rufe sansanoni

Gwamna Babagana Umara Zulum na Borno ya sanar da rufe sansanonin gwamnati na Maiduguri zuwa ƙarshen 2021. An rufe Bakassi a wajen ƙarshen shekarar, Dalori kuma a 2022, aka ba magidanta kuɗi da kayan abinci. Gwamnati ta ce zaman sansani na kashe zuciya, kuma ta gina gidaje a garuruwan da aka mayar da mutane. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ce an tura jama'a inda babu tsaro ko hanyar abinci. Da yawa ba su koma garuruwansu ba, sun kafa bukkoki a gefen birni.

Ambaliya

Ruwa ma ya kori mutane. Ambaliyar 2012 ta raba sama da mutum miliyan biyu da gidajensu a faɗin ƙasar, ta 2022 kuma ta kashe fiye da 600, Adamawa da Yobe na cikin jihohin da ta shafa. Sakin ruwa daga madatsar Lagdo ta Kamaru na cikin dalilan da ake ambata a yankin kogin Binuwai.

A daren 9 zuwa wayewar garin 10 ga Satumban 2024 madatsar ruwan Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle, shekara talatin bayan irin wannan ambaliya ta 1994. Ruwa ya mamaye Gwange, Fori, Kasuwar Monday, fadar Shehun Borno da asibitin koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Fursunoni kusan 280 sun tsere bayan katangar gidan yari ta rushe, dabbobin gidan zu na Sanda Kyarimi da yawa sun mutu. Kimanin mutum dubu 400 ne suka rasa matsuguni, cikinsu har da waɗanda suka gudo daga Bama da Gwoza shekara goma da suka wuce, da kuma masu gidajen da suka sauke su a wancan lokaci. Dole aka sake buɗe sansanin Bakassi na ɗan lokaci.

Halin yanzu

Tallafin ƙasashen waje ya ragu ƙwarai a 2025 bayan Amurka ta janye yawancin kuɗin agajinta, har Hukumar Abinci ta Duniya ta yi gargaɗin dakatar da ciyar da mutum miliyan 1.3 a yankin. A Arewa maso Yamma kuma, hare-haren 'yan bindiga sun kori dubban ɗaruruwa a Zamfara, Katsina da Sakkwato, wasu har zuwa jihar Maraɗi, kuma galibinsu suna zaune ne a kangaye, makarantu da gidajen dangi ba tare da sansani na hukuma ba.