Sayen Gida a Kano Lokacin da Kowa Ke Rububi: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa neman gida a Kano ya san wannan jimlar: “Alhaji, wallahi akwai wanda zai kawo kuɗi bayan La'asar.” Dillali ne ke faɗarta, kana tsaye a tsakar gidan da ka gani minti goma da suka wuce, zuciyarka ta riga ta zaɓi ɗakin uwargida. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu neman muhalli suka fi yi, musamman ma'aikata da ƙananan 'yan kasuwa da suka shekara da shekaru suna tari.

Me ya sa gidaje suka yi wannan tashin gwauron zabi?

Abubuwa ne suka haɗu. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, a watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, kayan gini suka bi dala. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira dubu goma a wurare da dama, kuma rodi da kwano da tayil ba su tsaya kallo ba. Mai gida yana lissafin abin da zai kashe in zai sake gina irinsa yau, abin da ya kashe shekara goma baya bai dame shi ba. Ga kuma ɗan kasuwar Kwari ko Singa da ya ga kuɗinsa na narkewa a banki, hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024, sai ya zuba su a ƙasa. Ƙara da mutanen da rashin tsaro ya koro, na Borno da Yobe tun da daɗewa, na Zamfara da Katsina daga baya. Shi ya sa wuraren da iyayenmu ke kira daji, irin su Danbare da Rijiyar Zaki da Mariri, yau sai mai ƙarfi.

To maganar dillali cewa akwai wani mai saye, gaskiya ce ko dabara?

Wani lokaci gaskiya ce. Gida mai kyau, mai takarda, a kan titi, ba ya kwana a kasuwa. Amma ka tuna dillali ba ya cin la'ada sai an yi ciniki, kuma sau da yawa ba shi kaɗai ba ne: wanda ya kawo ka ya ji ne daga wani, shi ma daga wani, har mutum huɗu ko biyar kafin a kai ga mai gida, kowa da ɗan abin da ya ɗora. Gaggawar tasu ce, suna son su ɗora maka ita.

Gwajin mai sauƙi ne. Ka ce a haɗa ka da mai gida ido da ido, ka kuma nemi kwafin takardu. In akwai mai saye na gaskiya, wannan ba zai hana komai ba. In aka fara “ai Alhajin ya yi tafiya”, “ai takardun suna wurin ƙaninsa”, to ka san inda aka dosa. Akwai ma waɗanda ake kawowa su yi tayi mai tsoka a gabanka alhali ko kuɗin mota ba su da shi. Wannan shi ne najashi, kuma Annabi (SAW) ya hana shi, kamar yadda ya hana mutum ya yi ciniki a kan cinikin ɗan'uwansa. Hanin na biyu ya shafe ka kai ma: in an riga an sallama wa wani, kada ka bi ta bayan gida ka ƙara kuɗi.

In na tsaya bincike ai wani zai riga ni. Yaya zan yi?

Ka yi aikin da ke cin lokaci tun kafin ka ga gidan. Mafi yawan masu ruɗewa a gaban dillali ba su yanke wa kansu komai ba kafin su fito. Ka zauna kai da iyalinka ku tsayar da adadin da ba za ka haura ba ko da gidan da zinare aka yi shi, ka rubuta, ka faɗa wa wani babba da kake jin nauyinsa. Adadin kuma ya kasance ƙasa da abin da ke hannunka, domin bayan kuɗin gida akwai la'ada, wadda aka fi ambata kashi biyar cikin ɗari amma abin daidaitawa ce, akwai lauya, akwai kuɗin canja suna a ma'aikata, akwai gyara. Ban taɓa ganin gidan da aka saya aka shiga ba a taɓa famfo ko wayar wuta ba.

Ka zaɓi unguwa biyu ko uku kawai, ka yi ta zagayensu har ka san nawa aka sayar da gidan wane a layin, domin kuɗin da ake yi wa gida daban, kuɗin da aka sallama shi daban. Ka sami lauyanka da magininka tun yanzu, lambobinsu na cikin wayarka. Wanda ya yi haka, in gida ya fito zai iya gama bincikensa cikin 'yan kwanaki. Wanda bai yi ba shi ne ke neman lauya ranar da zai biya kuɗi.

Wace takarda ce ainihin takarda?

Nan ne ya kamata a daɗe. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana. Abin da kake saya haƙƙin zama ne, galibi na shekara 99 in gidan zama ne, kuma shaidarsa ita ce takardar da muke kira satifiket. Dokar ta ce ba a sayar da wannan haƙƙi ko a jinginar da shi sai da amincewar gwamna, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da hakan tun 1989 a shari'ar bankin Savannah da Ajilo. Mutane da yawa suna riƙe da satifiket mai sunan wanda ya rasu shekara talatin baya, gidan ya bi hannu huɗu, ba wanda ya je ya canja suna. Ana zaune lafiya har ranar da rigima ta tashi ko aka nemi rance.

Ganin takarda a hannun mai gida bai isa ba, domin ana buga ta jabu mai kyan gaske. Lauyanka zai ɗauki lambar fayil ya je a duba a hukumar da ke riƙe da bayanan filaye: KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja. Abin da ake nema: sunan wa ke kai, an jinginar wa banki ko a'a, akwai ƙara a kotu, an biya harajin ƙasa. Kada ka raina na ƙarshen nan. A Maris 2025 hukumar Abuja ta sanar da soke takardun filaye sama da dubu huɗu saboda bashin harajin ƙasa na shekaru. Sannan ka ɗauki safiyo, wato mai awon filaye, ya tabbatar filin da ke takarda shi ne wanda ginin ke kai. Ana nuna wa mutum takardar fuloti na goma sha biyu a sayar masa da na goma sha uku.

Akwai kuma tambayar da takarda ba ta amsawa: da can mene ne a wurin? Mutanen Kano ba su manta Yunin 2023 ba, lokacin da sabuwar gwamnati ta rushe shagunan filin Idi da gine-ginen tsohon otal ɗin Daula, alhali masu su na cewa da takardun gwamnatin da ta gabata suka gina. Duk filin da aka yanko daga makaranta, maƙabarta, asibiti, masallacin Idi ko jikin badala, komai kyan takardarsa, ka sani gwamnati na canjawa. Dattijon da ke zaune a bakin layi zai faɗa maka tarihin wurin kyauta.

Gidajen awon igiya fa? Su ne daidai ƙarfina.

Ba abin kunya ba ne, unguwanni da yawa a haka suka tashi: mai gona ya yanka, mai unguwa da dagaci suka sa hannu. Sai dai ka san abin da ka saya. Takardar mai unguwa shaida ce cewa an yi ciniki, ba ta hana hukumar tsara birane ta Kano, KNUPDA, zuwa ta ce nan hanya ce, kuma banki ba ya karɓarta. Ka bi silsilar cinikin har zuwa mai gonar farko, kowace takarda ka gan ta. Ka duba faɗin layin, in mota biyu ba za su wuce juna ba wata rana za a faɗaɗa shi, kuma da katangar wani za a yi. Ka nisanci ƙarƙashin babban layin wuta da gefen layin dogo. In ka saya, ka fara neman satifiket tun da sauran ƙarfinka.

An yi mini tayin gidan gado da araha. In karɓa?

Gidan gado ya fi kowane gida saurin fitowa kasuwa, domin magada na son a raba kowa ya kama gabansa, kuma shi ya fi kowanne kai mutum kotu. Wanda ke gaba-gaba yawanci babban wa ne, yana magana da sunan kowa. Ka tambaya: magada nawa ne? Mata sun yarda, ko an ce “ai ba matsala” a madadinsu? Akwai marayu ƙanana? Akwai wanda ke Saudiyya ko Legas bai ma san ana ciniki ba? Abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne a ce kotun shari'ar Musulunci ce ta yi rabon ko ta ba da izinin sayarwa, ka riƙe kwafin hukuncin.

In kuwa kason mutum ɗaya kake saya a gidan da ba a raba ba, ka san da shufu'a. A mazhabar Malikiyya abokin tarayya yana da haƙƙin ya mayar maka da kuɗinka ya karɓi kason. Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ta ce wanda ke gari haƙƙinsa na faɗuwa bayan shekara, amma wanda ba ya nan yana kan haƙƙinsa komai daɗewar tafiyarsa. Wato kana iya gyara ɗaki ka yi fenti, mutum ya sauka daga jirgi ya ce bismillah.

Kafin alƙalami fa, nawa zan bayar?

Kaɗan, kuma a rubuce. A rubuta cewa an ba ka kwana kaza ka yi bincike, in takarda ta fito da matsala za a dawo maka da kuɗinka cif. A hannun mai gida za ka bayar ko lauya, ban da dillali. Sharaɗin “in ka fasa kuɗinka sun tafi” malaman Malikiyya ba su yarda da shi ba, Hambaliyya ne suka halatta, don haka kana da abin faɗa in aka kawo maka shi.

Me zan duba a jikin ginin?

In da hali ka ga gida da damina. Agusta ba ta ɓoye komai: yoyon rufi, jiƙar bango, layin da ke zama kogi. Kano cike take da gidajen da aka gina a kan kududdufin da aka cike da shara, da rani ba ka ganewa. In rani ne, dubi gindin katangar maƙwabta, ruwa yana barin alamarsa. Sabon fenti a ƙasan bango kaɗai abin tambaya ne. Ka je da magini ya duba tsagewa da rufin kankare, ka leƙa rijiya da masai ka ga tazarar da ke tsakaninsu, ka nemi takardar kuɗin wuta don kada ka gaji bashin KEDCO. Sannan ka dawo da daddare kai kaɗai, ka yi sallar Isha a masallacin layin. Wa ke zama a kwanar? Akwai gidan biki ko injin niƙa a bayan katanga? Bango ana gyara shi, maƙwabci sai haƙuri.

Kuɗina ba su kai ba. Akwai rancen da ya dace?

Ma'aikacin da ake cire masa kashi biyu da rabi na albashi zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yana da damar neman rance ta Bankin Ba da Lamunin Gidaje na Tarayya, ruwansa kashi shida, biya har zuwa shekara talatin. Tun 2022 kuma hukumar fansho ta PenCom ta yarda mutum ya ɗauki har kashi 25 na asusun fanshonsa ya biya kasonsa na farko. Mai gudun ruwa yana iya tuntuɓar bankunan da ba sa mu'amala da shi, irin su Jaiz da TAJ da Lotus, ya tambayi tsarinsu na ijara (banki ya saya ya ba ka haya) ko murabaha (ya saya ya sayar maka da riba), ya kuma sa a lissafa masa jimillar abin da zai biya daga farko har ƙarshe. Duka waɗannan suna son gida mai satifiket, kuma suna cin watanni. Mai gidan da ke son kuɗinsa ranar Juma'a ba zai jira ba, don haka da wannan hanyar gidajen rukuni da kamfanoni ke ginawa sun fi sauƙin samu. Rancen bankin kasuwa na yau da kullum kuwa, a lokacin da Babban Banki ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen 2024, ni dai ban ga albashin da zai ɗauke shi ba.

Komai ya yi daidai. Ranar biya me zan kiyaye?

Ka yi istihara kafin ranar, ba bayan ka tura kuɗi ba. Ka biya ta banki, cikin asusun da ke ɗauke da sunan mai gidan; dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ma ta hana mutum biyan abin da ya haura naira miliyan biyar hannu da hannu. A sa hannu a takardar cinikin da lauyanka ya rubuta, da shaidu daga ɓangarorin biyu, mai unguwa na wurin in unguwar gargajiya ce. Takardun asali su shigo hannunka a zaman nan, tare da takardar neman amincewar gwamna da mai gida ya sa wa hannu, domin in ya karɓi kuɗinsa ya koma Abuja, nemo shi aiki ne. In akwai 'yan haya a ciki, a rubuta ranar tashinsu da wanda zai mayar musu da ragowar kuɗinsu, ka riƙe wani kaso na kuɗin har sai an miƙa maka makullai gidan babu kowa. Washegari ka kira kafinta ya canja kwaɗon ƙofar waje.