Ɗamarar Sassaƙa ta Haikalin Parthenon

Ɗamarar sassaƙa ta Parthenon dogon zane ne da aka sassaƙa a jikin farin dutsen marmara, wanda ya kewaye saman bangon ɗakin ciki na haikalin Parthenon da ke kan tsaunin Akropolis a birnin Atina, ƙasar Girka. Tsawonta ya kai mita 160, tsayinta kuwa mita 1 ne da ɗan abin da ba a rasa ba. A cikinta akwai siffofin mutane da na alloli 378, da dabbobi fiye da 200, galibinsu dawaki. Masana tarihin fasaha na sa ta cikin manyan ayyukan sassaƙa da tsoffin Girkawa suka bari.

Ginin da masu aikin

An fara gina Parthenon a shekarar 447 kafin Miladiyya, zamanin da Pericles ke jan ragamar siyasar Atina, aka kammala dukan adonsa a 432. An gina shi ne don Athena, allahiyar da mutanen birnin suka ɗauka a matsayin mai kare su, a wurin da Farisawa suka ƙona a 480. Iktinos da Kallikrates ne suka tsara ginin. Pheidias, shugaban masassaƙan zamanin, shi ne ake jingina wa kula da ayyukan adon baki ɗaya, amma hannaye da yawa ne suka sassaƙa ɗamarar, kuma mai lura zai ga bambancin gwaninta daga wannan dutse zuwa wancan. Daga tsaunin Pentelikon, kimanin kilomita 16 daga birnin, aka yanko duwatsun.

Parthenon gini ne na salon Doris, wanda a al'ada adonsa kan kasance allo-allo, kowane allo da nasa hoton. Ɗamara mai tafiya ba yankewa kuwa ta salon Ioniya ce. Haɗa su biyun a gini ɗaya na cikin abin da ya bambanta wannan haikali.

Yadda aka sassaƙa ta

Irin wannan sassaƙa ba a raba siffa da dutsen da aka fitar da ita. Ana rage bayan ne har siffar ta yi tudu. A nan tudun bai kai santimita 6 ba ko a inda ya fi fitowa, wato bai wuce kaurin yatsu uku ba. A cikin wannan ɗan kauri ne masassaƙan suka jera dawaki, wannan ya rufe rabin wancan, wancan ya rufe na bayansa, har ido ya ga sahu mai zurfi alhali dutsen kusan shafaffe ne. Duk wanda ya tsaya ya bi ƙafafun dawakin ɗaya bayan ɗaya zai tarar kowace ƙafa tana da mai ita. Nan gwanintar take.

Sun kuma yi wata dabara: kan mai tafiya a ƙasa da kan mahayi kusan a layi ɗaya suke, kusa da saman dutsen. Don haka aka ƙanƙanta dawakin, amma saboda ƙarfin da aka zuba a wuyansu da jijiyoyin da suka fito a cikinsu da fuskarsu, mai kallo ba ya jin ƙanƙantarsu. Mahayan ba sirdi, ba likkafa. Linzami da ragama na tagulla ne aka maƙala, sun ɓace tuntuni, sai ƙananan ramukan da aka huda don riƙe su. Farin da ake gani yau ma ba shi ne asalin kamanninta ba, domin an shafa mata launuka.

Abin mamaki shi ne wurin da aka ɗora ta. Tana can sama kimanin mita 12 daga ƙasa, a bayan ginshiƙan waje, ƙarƙashin rufi inda haske ba ya isa sosai. Mai kallo sai ya ɗaga kai, ya hango ta guntu-guntu ta tsakanin ginshiƙai. An ƙara wa sashen sama na siffofin tudu fiye da na ƙasa, abin da ake ganin an yi ne don taimaka wa mai kallo daga ƙasa. Duk da haka an gyara gashin doki da naɗin riga kamar za a riƙa duba su a tafin hannu.

Abin da ke cikinta

Jerin gwano ne. Ya tashi daga kusurwar kudu maso yamma ya rabu biyu: reshe ɗaya ya bi yamma ya karya ta arewa, ɗayan ya bi ta kudu, suka haɗu a gabas inda ƙofar haikalin take. Wanda ya hau Akropolis ta babbar ƙofa yana fara cin karo da bangon yamma ne, sai ya bi gefen ginin zuwa gaba, ya zama shi da mutanen dutsen tafiya ɗaya suke yi.

A yamma ana shiri. Wani ya sunkuya yana ɗaure takalmi, wani na kokawa da dokin da ya yi tsaye da ƙafafun baya, wasu sun riga sun hau. A arewa da kudu hawan ya kankama, sahu bayan sahu. A kudu mahaya 60 ne cikin rukuni 10, adadin da ya yi daidai da ƙabilu 10 da aka kasa 'yan Atina a cikinsu. Gaba da su akwai karusai, kowace da direbanta da wani mai kwalkwali da garkuwa, wanda wasansa shi ne ya diro daga karusa tana gudu ya sake hayewa. Daga nan tafiyar ta lafa: dattawa, masu busa sarewa da masu kaɗa wani abin kiɗa mai tsirkiya, samari ɗauke da tuluna a kafaɗa, sai shanu da tumakin da za a yanka. Akwai wata saniya a kudu da ta ɗaga kai sama kamar tana kuka, tana cikin siffofin da suka fi tsaya wa mutane a rai.

A gabas 'yan mata ne ke gaba da kayan hadaya, sannan alloli 12 a zaune, shida a kowane gefe. An yi su manya, ta yadda suna zaune amma kansu ya kai na waɗanda ke tsaye. Zeus ne kaɗai a kan karaga, Hera ta ɗaga mayafinta ta juyo gare shi, Ares ya rungume gwiwarsa, Hephaistos gurgu ya tokare da sanda yana magana da Athena, Aphrodite na nuna wa ɗanta Eros wani abu da hannu. A tsakiyarsu, daidai saman ƙofa, mutum biyar ne: wata mace da 'yan mata biyu masu ɗauke da kujeru a ka, da wani namiji da yaro suna riƙe da naɗaɗɗen zane.

Saɓanin masana

Babu wani rubutun tsoffin Girkawa da ya bayyana ma'anar ɗamarar. Pausanias, wanda ya ziyarci Akropolis a ƙarni na 2 na Miladiyya ya kuma rubuta abin da ya gani, bai ambace ta ba. Tun ƙarni na 18, bayan aikin Turawan Ingila biyu, James Stuart da Nicholas Revett, ra'ayin da ya fi rinjaye shi ne bikin Panathenaia ne, wanda babbansa ake yi duk shekara huɗu, inda ake kai wa tsohon gunkin Athena na itacen zaitun sabon zane mai suna peplos. In haka ne, to mutanen Atina kansu suka sassaƙa a bangon haikali, wurin da aka saba keɓe wa alloli da jarumawan tatsuniya. Wannan ba ƙaramin bugun ƙirji ba ne.

Sai dai akwai abubuwan bikin da ba su bayyana ba, kamar dakarun ƙasa. John Boardman ya ce siffofin na wakiltar 'yan Atina 192 da suka mutu a yaƙin Marathon a 490 kafin Miladiyya. A 1996 Joan Breton Connelly ta kawo wata fassara: tsakiyar gabas na nuna sarki Erechtheus na tatsuniya yana shirin sadaukar da 'yarsa don ceton birnin.

Rabuwarta

Ginin ya zama coci, sannan masallaci a zamanin Daular Usmaniyya, kuma ɗamarar ta daɗe mafi yawanta na nan. A 1674 an zana sassa da yawa nata, zanen da ake jingina wa Bafaranshe Jacques Carrey, kuma shi ne shaidar wasu duwatsun da suka salwanta. A watan Satumba na 1687 sojojin Venis ƙarƙashin Francesco Morosini suka harba wa ginin igwa alhali Turkawa sun tara albarushi a ciki, tsakiyarsa ta tarwatse.

Daga 1801 mutanen Lord Elgin, jakadan Birtaniya a fadar Usmaniyya, suka fara sauke duwatsun, suna yanke bayansu da zarto don rage nauyi. A 1816 gwamnatin Birtaniya ta saye su kan fam 35,000, aka ajiye a gidan tarihi na British Museum da ke Landan. A 1937 zuwa 1938 an kankare wasunsu da kayan aiki na jan ƙarfe don su yi fari, aka tafi da asalin fatar dutsen.

Yau kusan rabin ɗamarar na Landan, kimanin mita 50 na Atina, dutse ɗaya na gidan tarihi na Louvre a Faris. Girka ta nemi a mayar mata a hukumance a 1983, lokacin da Melina Mercouri ke ministar al'adu. British Museum na kafa hujja da dokar 1963 da ta hana shi rabuwa da kayansa. Wani gidan tarihi na birnin Palermo a Italiya ya mayar da wani guntu a 2022, fadar Vatikan ta mayar da guntaye uku na adon haikalin a 2023. A Gidan Tarihin Akropolis da aka buɗe a 2009, an jera ɗamarar a bene na sama bisa tsari da girman ginin asali, aka cike gurbin duwatsun da ke Landan da kwafinsu na farar ƙasa, kuma ta gilashin ɗakin ana hangen Parthenon ɗin kansa a kan tsauni.