Juyin halittar ɗan Adam, lafiya da cutar daji

Likitancin juyin halitta reshe ne na kimiyya da ke binciken dalilin da ya sa jikin ɗan Adam yake da rauni ga wasu cututtuka tun daga asalin gininsa. Likitan asibiti yakan bi yadda cuta ke aiki a jikin majiyyaci, shi kuwa wannan ilimi tarihin jikin yake bi, don ya gano inda ƙofar cutar ta buɗe. Masanin halittu George Williams da likita Randolph Nesse ne suka kafa harsashinsa na zamani a 1991. Tushensa shi ne zaɓin yanayi da Charles Darwin ya bayyana a 1859: halin da ake gada, idan yana taimakon mai shi ya rayu ya hayayyafa, yakan yaɗu daga zuriya zuwa zuriya. Ma'aunin wannan zaɓi yawan 'ya'yan da suka rayu ne. Lafiya da tsawon rai suna samun shiga ne kawai gwargwadon yadda suka taimaki haihuwa, kuma daga nan yawancin bayanan wannan fanni suke tasowa.

Asalin ɗan Adam a taƙaice

Binciken ƙasusuwa da na ƙwayoyin gado ya nuna cewa zuriyar ɗan Adam ta rabu da ta birin cimfanzi shekara miliyan 6 zuwa 7 da suka wuce. Ƙwarangwal ɗin da ake kira Lucy, wanda aka tono a Hadar ta ƙasar Habasha a 1974, ya kai shekara miliyan 3.2, kuma ƙashin ƙugunsa da na gwiwarsa na mai tafiya da ƙafa biyu ne. Mafi tsufan ƙasusuwan da ake dangantawa da jinsinmu an same su a Jebel Irhoud ta Maroko, masu shekara kusan 300,000. Noma da kiwo kuwa ba su wuce shekara 12,000 ba. Kenan jikin ya ginu ne cikin rayuwar farauta da tsince-tsince, sannan aka sauya masa abinci, aiki da cututtuka cikin ɗan ƙanƙanin lokaci.

Gadon da ke kariya kuma yake cutarwa

Sikila ce misalin da aka fi sani. Harafi ɗaya na rubutun gado ne ya sauya a ƙwayar gadon HBB da ke kan kuromosom na 11 (kuromosom shi ne zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado), sai sinadarin da ke ɗaukar iskar shaƙa a jini ya riƙa daskarewa yana lanƙwasa jajayen ƙwayoyin jini. Mai kwafi biyu, wato SS, yana fama da ciwon. Mai kwafi ɗaya, wato AS, lafiyarsa ƙalau a galibi, kuma haɗarin kamuwarsa da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani yana raguwa da kusan kashi 90 cikin ɗari. Anthony Allison ne ya nuna wannan alaƙa a Gabashin Afirka a 1954. Shi ya sa gadon ya yi yawa a inda sauro ya daɗe yana kisa: yaran da ya tsare sun fi waɗanda ya halaka yawa. Lissafin bai canza ba har yau. Idan iyaye biyu AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar kashi 25 na SS, kashi 50 na AS, kashi 25 na AA, kuma cikin da ya gabata ba ya rage haɗarin na gaba.

Irin haka ne ga ƙwayar gadon APOL1. Wasu nau'o'inta biyu suna kashe wani jinsin ƙwayar ciwon barci, amma mai kwafi biyu yana cikin haɗarin ciwon ƙoda. Akwai kuma sauyin da amfaninsa ya fito fili, kamar iya narkar da madara bayan girma, wanda ya bayyana daban-daban a tsakanin makiyayan Turai da na Gabashin Afirka.

Daji: juyin halitta a cikin jiki guda

Jikin baligi yana da ƙwayoyin jiki kusan tiriliyan 30, duk daga ƙwai ɗaya. Zamansu tare yana bisa ƙa'idoji: ƙwaya ba ta rabuwa sai an ba ta izini, ba ta barin gurbinta, kuma idan ta lalace sai ta kashe kanta. Duk lokacin da za ta rabu sai ta kwafe haruffan gado kusan biliyan 6, kuma duk da na'urorin gyara, kuskure kaɗan yakan tsallake. Hayaƙin taba, zafin hasken rana da gubar afulatokzin da ke fitowa daga ruɓaɓɓen hatsi suna ƙara yawan kurakuran. Mafi yawansu ba sa yin komai. Amma idan ɗaya ya sa ƙwaya ta fi maƙwabtanta saurin rabuwa, zuriyarta za ta yawaita, a cikin zuriyar kuma wata ta sake samun wani sauyin. Bambanci, gado da zaɓi, wato sharuɗɗa ukun juyin halitta, sun cika kenan a cikin mutum ɗaya. Peter Nowell ne ya shimfiɗa wannan bayani a 1976.

Dajin babban hanji ya fi nuna matakan a sarari. Galibi ƙwayar gadon APC ce ke fara lalacewa, sai ɗan tsiro ya fito a bangon hanji. Sauyi a ƙwayar gadon KRAS ya sa tsiron ya girma. Lalacewar ƙwayar gadon tsaro TP53 daga baya ta ba shi damar kutsawa cikin naman da ke kewaye. Wannan tafiya takan ɗauki shekara 10 ko fiye, kuma a nan amfanin duba hanji da kyamara yake: tsiron da aka cire a matakin farko bai kai ga tara sauran sauye-sauyen ba. Sauyi 2 zuwa 8 masu tura ciwon sukan ishi ƙari ya zama daji.

Wani abu da ya ba masana mamaki shi ne yadda wannan gasa take gudana a jikin masu lafiya. Binciken da aka buga a 2015 kan fatar idon mutane ya gano cewa fiye da rubu'in ƙwayoyin fatar suna ɗauke da sauyin da ake gani a daji, alhali fatar lafiyarta lau. Tsaron jiki yana da hawa-hawa, kuma yawanci yana cin nasara.

Ciwon ba na zamani ba ne. An samu dajin ƙashi a ƙashin ƙafar wani daga dangin ɗan Adam na farko a kogon Swartkrans na Afirka ta Kudu, mai shekara kusan miliyan 1.7. Abin da ya ƙaru shi ne yawan masu kai wa tsufa. Peter Medawar a 1952 da Williams a 1957 sun yi bayanin cewa ƙarfin zaɓin yanayi yana raguwa bayan shekarun haihuwa, don haka tsaron da ya ishi mai shekara 30 ba a taɓa matsa masa ya ishi mai 75 ba. A 2022 an ƙiyasta sababbin masu cutar daji kusan miliyan 20 a duniya, da mutuwar kusan miliyan 9.7.

Darasin giwa

Idan kowace ƙwaya tana iya zama daji, ya kamata dabba mai yawan ƙwayoyi da tsawon rai ta fi kamuwa. A cikin jinsi ɗaya haka yake: dogayen mutane sun ɗan fi gajeru haɗari, manyan karnuka sun fi ƙanana samun dajin ƙashi. Tsakanin jinsuna kuwa lissafin ya rushe, domin giwa ba ta fi ɓera kamuwa ba. Richard Peto ya jawo hankali ga wannan a 1977. Wani ɓangare na amsar ya fito a 2015, lokacin da aka gano giwar Afirka tana da kwafi kusan 20 na TP53, ƙwayar gadon da ke tsayar da lalatacciyar ƙwaya ko ta umarce ta da mutuwa. Mutum kwafi ɗaya yake da shi, mai fuska biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Wanda ya gaji fuska ɗaya a lalace yana da ciwon Li-Fraumeni, kuma yawancin masu shi suna samun daji, sau da yawa tun suna yara. TP53 tana lalace a kusan rabin dukkan cututtukan dajin mutane. Ƙwayar cutar HPV, mai haddasa dajin bakin mahaifa, furotin ɗin da TP53 ke samarwa take rusawa.

Tsaro yana da farashi. Ƙwayar jikin mutum takan daina rabuwa bayan sau 40 zuwa 60, saboda ƙarshen kuromosom yana gajarta a kowace rabuwa. Wannan yana datse ƙari, amma yana daga cikin abin da ke rage wa tsohon jiki ikon gyara kansa.

Jikin da, rayuwar yanzu

Dajin mama ya nuna yadda sauyin rayuwa ke taɓa tsohon gini. Beverly Strassmann ta yi nazari a tsakanin matan Dogon na Mali, inda haihuwa da doguwar shayarwa ke cika shekarun mace, ta ƙiyasta jinin al'ada kusan 100 a tsawon rayuwa, alhali macen Amurka takan yi kusan 400. Kowane zagaye yana sa ƙwayoyin mama su rabu. Babban nazarin da aka buga a 2002 ya nuna haɗarin dajin mama yana raguwa da kashi 4.3 cikin ɗari a kowace shekara ta shayarwa. Haka farar fatar da ta dace da ƙasashe masu ƙarancin rana take shan wahalar dajin fata a Ostareliya.

Me ya sa magani ke daina aiki

Ƙari mai faɗin santimita 1 yana iya ƙunsar ƙwayoyi miliyan 100 zuwa biliyan 1, kuma ba iri ɗaya ba ne. A 2012 an yanki sassa daban-daban na ƙarin ƙoda ɗaya, aka ga kusan kashi biyu cikin uku na sauye-sauyen ba sa cikin dukkan sassan. Don haka tsokar da aka ɗebo daga wuri ɗaya tana iya ɓoye ƙwayoyin da za su dawo da ciwon. Idan ƙwaya ɗaya cikin miliyan tana jure wa magani, ƙarin biliyan yana da irinta 1,000 tun kafin a fara jinya. Maganin ya kashe masu rauni, fili ya zama na masu juriya. Haka ake gani a dajin huhu mai sauyi a ƙwayar gadon EGFR: ƙarin yakan ragu sosai da magungunan farko, sannan ya dawo cikin kusan shekara guda, a kusan rabin majiyyata saboda sauyi na biyu mai suna T790M.

Hanya ta farko ta rufe wannan ƙofa ita ce haɗa magunguna masu aiki ta fuskoki daban. Ƙwayar da ke jure wa biyu lokaci guda, bisa lissafin da ya gabata, ɗaya ce cikin tiriliyan. Wannan dabara ce ta sauya dajin jini na yara tun daga shekarun 1960, har masu tsira suka kai kusan kashi 90 cikin ɗari a inda ake da cikakkiyar kulawa.

Hanya ta biyu ta shafi dajin da ya bazu wanda ba a sa ran kawar da shi. Robert Gatenby da abokan aikinsa a cibiyar Moffitt ta Amurka sun gwada ta ga masu dajin furostet, gaɓar da ke ƙasan mafitsarar namiji. Ana ba da maganin abiraterone har ma'aunin PSA, wani sinadari a jini da ke nuna ƙarfin ciwon, ya faɗi zuwa rabi, a dakata, sai ya koma matsayinsa na farko a ci gaba. Manufar ita ce a bar wasu ƙwayoyi masu jin magani su ci gaba da yi wa masu juriya cunkoso. Sakamakon farko na 2017 ya nuna jinkirin dawowar ciwon da ƙarancin magani, amma majiyyatan kaɗan ne, kuma ba a raba su ta hanyar ƙuri'a ba. Tsarin yana buƙatar awon jini akai-akai a hannun ƙwararre, bai dace da dajin da ake iya warkarwa ba, kuma majiyyacin da ya tsayar da maganinsa da kansa yana ba ƙarin damar girma ne ba tare da mai lura ba.