Waiwaye: Fim ɗin ɓarayi ya riga wayar hannu shiga gidajenmu

Tun da aka sake buɗe gidajen sinima a nan Saudiyya cikin watan Afrilun 2018, zancen fim bai bar bakin mutanenmu ba. A 'yan shekarun nan kuwa gardamar ta tattara ta koma kan abu guda: me ya sa samarinmu suka nace wa finafinan ɓarayi da 'yan fashi, musamman tsofaffin nan na Amurka da aka yi da kuɗi ƙalilan, waɗanda da yawansu sun girmi masu kallonsu? Fitowar fim ɗin Mandoob a ƙarshen 2023, labarin wani mai kai saƙo a Riyad da matsin rayuwa ya tura cikin haramtacciyar sana'a, ta ƙara rura wutar, domin wannan karon abin ya zo da Larabci, a kan tituna irin waɗanda muke bi kullum. A majalisarmu ta bayan Isha'i a nan Jidda, dattawa sun kafe a kan cewa waya ce ta jawo, sabon abu ne da ya faɗo mana rana tsaka.

Rannan baffana ya leƙa wayar autanmu, ya ga mutum kwance cikin jini a wani ɗakin ajiya, wasu masu baƙaƙen kwat suna yi wa juna tsawa a kansa. Ya ce, "Kai yaro, wannan wane irin kallo ne?" Auta ya rusuna ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baffa, tsohon fim ne, tun 1992 aka yi shi." Ni da ke gefe na gane ɗakin ajiyar nan tun bai rufe baki ba. Reservoir Dogs ne. Kuma inda na fara ganinsa shi ne falon Baffan kansa, a kaset, fiye da shekara ashirin da suka wuce, wani dare da ya tafi Makka, manyan 'ya'yansa suka aro shi a wurin abokinsu.

Farkon labarin irin waɗannan finafinai a Amurka sananne ne, ba sai an ja shi ba. A shekarun 1930 da 1940 manyan kamfanonin Holiwud ne ke riƙe da komai, tun daga inda ake ɗaukar fim har gidan da ake nuna shi, kuma daga 1934 aka tsaurara ƙa'idar tacewa wadda ta ce dole mai laifi ya girbi abin da ya shuka. Ƙananan kamfanoni suna yin finafinan cike gurbi da ake haɗawa da babban fim a tikiti ɗaya, a ɗauke su cikin 'yan kwanaki, a cika su da duhu don a ɓoye rashin kayan aiki. A 1948 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin da ya raba manyan kamfanonin da gidajen sinimarsu. A 1968 aka ajiye tsohuwar ƙa'idar, aka koma rarraba finafinai bisa shekarun mai kallo. Hanya ta buɗu, sai dai har a lokacin wanda ya yi fim da kuɗin aljihunsa, in bai samu sinimar da za ta karɓa ba, asara ta hau kansa.

Abin da ya sauya wannan, wanda ban taɓa jin an kawo shi a majalisarmu ba, shi ne kaset ɗin bidiyo. Kamfanin Sony ya fito da na'urar bidiyo ta Betamax a 1975, kamfanin JVC ya biyo da tasa, VHS, a 1976, kafin 1977 ta ƙare an fara ba da hayar kaset a Los Angeles. A 1984 Kotun Ƙolin ta ce naɗar shirin talabijin a gida don kallo daga baya ba laifi ba ne, na'urar ta zauna daram a falon mutane.

Duk wanda ya taɓa tsaron shago zai fahimci abin da ya biyo baya. Mai shagon kaset yana da kantoci da dole ya cika su, manyan finafinai kuwa ba su da yawa a shekara. Mutum ya zo da daddare ya tarar an riga shi ɗaukar sabon fim ɗin da ake yayi, ba zai koma gida hannu rabbana ba, na kusa da shi zai ɗauka, in dai kwalin ya ja masa ido. Bindiga, jakar kuɗi da fuskar mutum a firgice suna sayar da kwali ko da ba wanda ya san 'yan wasan. Da kamfanonin kaset suka ga haka, sai suka fara zuba kuɗi tun kafin a ɗauki fim, domin sun san shaguna kaɗai za su iya mayar musu da uwar kuɗinsu. Ta haka ƙaramin fim ya samu kasuwar da ba ta bi ta ƙofar sinima ba.

Shi kansa fim ɗin da ke wayar Auta ɗan wannan kasuwa ne tun daga tushe. Quentin Tarantino, wanda ya rubuta shi ya kuma ba da umarni, ya yi shekaru yana aiki a shagon hayar kaset a Kalifoniya, a can ya yi karatunsa na fim. Niyyarsa ta farko ita ce ya ɗauke shi da abokansa a kan dala 30,000. Da labarin ya kai hannun jarumi Harvey Keitel ya amince zai fito, sai kamfanin Live Entertainment, wanda sana'arsa kaset ce, ya sa kuɗi, aka yi shi a kan dala miliyan ɗaya da 'yan kai. An fara nuna shi a bikin finafinai na Sundance a Janairun 1992. Abin da ya tara a gidajen sinimar Amurka bai kai dala miliyan 3 ba. Sunansa ya yaɗu ne daga baya, daga hannu zuwa hannu, wannan ya aro ya ba wancan. A wannan shekarar ce kuma Robert Rodriguez ya fito da fim ɗinsa El Mariachi da ya ɗauka a Meziko da kimanin dala 7,000, kuma ba sinima ya nufa da shi ba, kasuwar kaset ta masu jin Sifaniyanci ya yi wa.

Kaset ya kuma zaɓi irin fim ɗin da zai rayu. A ƙaramar talabijin, fashewar gini da tseren motoci ɗari duk sukan ƙanƙance su zama ba komai. Fuska da magana kuwa ba sa raguwa. Reservoir Dogs labarin fashin lu'ulu'u ne, amma ko sau ɗaya ba a nuna fashin ba, kuma ƙarancin kuɗi yana cikin dalilan hakan. Abin da aka bar mana shi ne mutanen da suka tsira, a ɗaki guda, kowa yana zargin kowa, domin sun tabbata akwai ɗan sanda a cikinsu. Irin wannan shi ake mayarwa baya a sake kallo, don a ga wa ya kau da ido lokacin da aka faɗi kaza.

To, in a Amurka kaset ƙari ne a kan sinima, a nan shi ne sinimar gaba ɗayanta. Iyayenmu sun tarar da sinimomin tsakar gida a Jidda, amma daga farkon shekarun 1980 an rufe, aka yi fiye da shekara talatin babu. Mutanen gabas masu hali sukan haye gadar Bahrain, wadda aka buɗe a 1986, su je kallo. Mu da ke yamma, shagon kaset na kusa da baƙala, wato kantin kayan masarufi na unguwa, shi ne namu. Finafinan Indiya na mata da yara, na Masar na manya, na Amurka kuwa, da muke kira na faɗa, na samari. Sukan zo an yanke wurare, da fassarar Larabci a ƙasa, wani lokaci kwafin kwafi ne har launi ya koɗe. Ina tuna yadda muke goge kan bidiyo da ƙyalle da ɗan turare, da yadda in na'ura ta tauna zare muke buɗe murfin mu miƙe shi da yatsa mu liƙe da salatif. Samarin da suka yi wannan hidimar su ne iyayen yaran yau.

Kada mu manta cewa namu fim ɗin ma ɗan kaset ne. Turmin Danya ya fito a Kano a 1990, a bidiyo, da kuɗin da bai taka kara ya karya ba, kuma finafinan Hausa sun riƙa iso mana a jakunkunan alhazai da 'yan Umara. Na'ura ɗaya ce ta ba talakan Kano da yaron shagon Kalifoniya dama. Kano ta fi karkata ga soyayya da waƙa saboda dogon sabonta da na Indiya, sai ƙishirwar labarin laifi ta ci gaba da neman ruwa a waje.

Abin da ke riƙe mutanenmu a irin wannan fim, a ganina, amana ce. Mu a ƙasar nan da ita muke rayuwa. Ka ba matafiyi kuɗi ya kai wa mahaifiyarka ba takarda ba shaida. Ka shiga adashe da mutanen da ba ka san garinsu ba. Ka samu aiki saboda wani ya tsaya maka. A Reservoir Dogs an hana mutanen faɗin sunayensu, an raɗa wa kowa sunan launi, kuma mu nan mutum nawa muka yi shekara goma muna cin abinci tare da laƙabinsa kawai muka sani? Fim mai ɗaruruwan miliyoyi yana nuna maka duniyar da ba za ka taɓa shiga ba. Wannan kuwa ɗaki ne mara fenti, da mutane shida da suka dogara da juna, ɗayansu yana ƙarya. Ba sai ka yi sata za ka san wannan fargabar ba.

Ban raina damuwar Baffa ba, ko kaɗan. Akwai jini, akwai ashar, akwai wurin da ake azabtar da ɗan sanda wanda har gobe nake kau da kai in an zo shi. Ba kallon ƙananan yara ba ne. Amma mu da muka gani a falo, mu takwas ne a kan kafet, babban yaya yana riƙe da rimot, in an zo wurin da bai dace ba ya tura gaba, in an gama a yi ta muhawara har shayi ya huce: wane ne ya yi daidai, wane ne ya ci amana, da kai ne me za ka yi. Auta shi kaɗai yake kallo, da abin ji a kunne, ƙarfe biyun dare, ba mai tura masa gaba, ba wanda zai yi musu da shi. Falon nan ne ya watse, aiki ya raba mu, haya ta tura kowa unguwarsa, kuma wannan ya fara tun kafin waya ta iya nuna hoto.

Makon jiya Auta ya zo da wata buƙata. Shi da abokansa uku suna son ɗaukar gajeren fim da waya, labarin 'yan adashe huɗu da kuɗinsu ya ɓace a hannun ɗayansu, kuma ɗakin ajiyar da ke bayan gidan Baffa suke so a ara musu. Baffa ya daɗe bai ce komai ba. Daga baya ya ce a kawo masa labarin a rubuce ya karanta tukuna, in kuma an gama, a talabijin ɗin falo za a kalla, yana zaune.